EDITI EFFIONG: Ɗan kwamfuta da ya jawo masu kuɗin intanet cikin harkar fim

Ka tara matasa goma masu sha'awar harkar fim ka tambaye su abin da su ke so su zama. Yawancin su za su ce jarumi ko jaruma, wasu su ce mawaƙi ko darakta. Da wuya ka ji wanda zai ce shi burin sa ya iya nemo kuɗin da za a yi fim ɗin, ya riƙe lissafin su, ya maida wa masu su da riba. Alhali duk wani furodusa zai gaya maka nan ne gizo ke saƙar. Labari mai kyau ba ya ɗaukar kan sa, sai da jari.

Wani da ya gane wannan sirrin da wuri shi ne Editi Effiong, mai kamfanin Anakle da ke Legas. Shi asali ba ɗan fim ba ne. Ɗan kwamfuta ne, mai shirya wa manyan kamfanoni tallace-tallace a intanet. A 2014 sunan kamfanin sa ya zagaye ƙasa saboda wata manhajar barkwanci da su ka yi, wadda wai ke lissafa wa mace kuɗin auren ta.

DAGA BAUCHI AKA FARA

Masu kallo a Arewa sun san aikin sa ko da ba su riƙe sunan sa ba. Shi ne ya haɗa hannu da kamfanin Inkblot su ka shirya 'Up North' a 2018, fim ɗin da aka ɗauka a Bauchi, wanda Tope Oshin ta ba da umarni. Banky W ne ya fito a matsayin ɗan mai kuɗin da bautar ƙasa ta jefo Arewa, kuma Rahama Sadau na cikin manyan taurarin.

Amma aikin da ya sa duniya ta waiwayo shi ne 'The Black Book', fim na farko mai tsawo da ya ba da umarni da kan sa. Richard Mofe-Damijo ne jarumin, a matsayin dattijon coci mai ɓoyayyen tarihi, wanda gurɓatattun 'yan sanda su ka ƙulla wa ɗan sa sharrin satar mutane su ka kashe shi. An yi ɗaukar a Legas da Kaduna, kuma aikin ya ci kimanin dala miliyan 1.

SU WA SU KA BA DA KUƊIN?

Ai nan labarin ya ke. Effiong ya nufi mutanen da ya sani tun a harkar kwamfuta, wato masu kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya ko ya cira a wurin mai POS ya san irin sana'ar su. Cikin waɗanda su ka zuba jari akwai Olugbenga Agboola na Flutterwave, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗin ciniki ta intanet, da Odunayo Eweniyi ta PiggyVest, manhajar da ta maida asusu cikin waya. Duka kamfanonin biyu a 2016 aka kafa su.

Irin waɗannan mutane ba a samun kuɗin su da zaƙin baki ko da "wallahi fim ɗin nan zai ci kasuwa". Su ma da jarin wasu su ka gina kamfanonin su, don haka sun saba da tambayoyi: nawa za a kashe, a kan me, wa zai saya, yaushe kuɗi za su dawo, kashi nawa ne rabon kowa? Effiong ya ji yaren su, shi ya sa su ka saurare shi.

Fim ɗin ya fito a Netflix ranar 22 ga Satumba, 2023. A ƙarshen makon farko kaɗai an kalle shi sau miliyan 5.6. Daga baya ya hau matsayi na 3 a jerin finafinan Turanci da aka fi kallo a manhajar a duk duniya, ya kuma shiga goman farko a ƙasashe fiye da 60.

INA KANNYWOOD A NAN?

Tsofaffin hannu ba su manta zamanin kaset da sidi ba, lokacin da dilolin Bata da Ƙofar Wambai ke riƙe da wuyan industiri. Furodusa zai sayar da fili ko ya ci bashin yayan sa ya yi fim, ya kai kasuwa, sannan ya zauna jiran abin da aka ce an sayar. Ga 'yan satar fasaha a gefe. Da yawa haka jarin su ya narke ba tare da sun san inda aka kwana ba.

Yanzu kasuwa ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Mai shiri irin 'Izzar So' ko 'Labarina' na iya ganin adadin masu kallon sa da ƙasashen da su ke a allon waya. Wannan lissafin shi ne abin da mai zuba jari ke nema. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matashin da zai tattara shi, ya rubuta kasafi, ya tsara yarjejeniyar rabon riba da asara a rubuce. Tsarin ma ba baƙo ba ne a wurin mu, domin shi ne malamai ke kira mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki. Sannan tun 2021 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a ta intanet, wanda ya zama dole mai son wannan sana'a ya san su kafin ya karɓi sisin kowa.

BA KULLUM AKE KWANA A GADO BA

Kada mai karatu ya ɗauka kowane fim ne ke maida kuɗi. A farkon 2024 kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afrika, furodusoshi da dama a Legas su ka ji a jikin su. Wanda ya jingina da mai saye ɗaya, ranar da ya juya baya sai a rasa tudun dafawa. Gwani a wannan aiki shi ne wanda zai gaya wa mai kuɗi gaskiyar haɗarin tun kafin a kunna kyamara.

To, ga mai son shiga, hanya a buɗe ta ke. Ya koyi lissafin kuɗi da aiki da kwamfuta, ya bi furodusa zuwa lokeshin ya ga yadda kuɗin abinci, mota, masauki da sallamar 'yan wasa ke fita. Ya fara da ƙaramin aiki, ya rubuta kowace naira, ya maida wa masu jari bayani ko an ci riba ko an faɗi. Fuskar sa ba za ta hau fosta ba, amma in ya riƙe amana, jaruman ne da kan su za su riƙa neman lambar sa.