New Lanark, garin masu kaɗi

New Lanark wani ƙaramin gari ne a ƙasar Sikotilan, a bakin kogin Clyde. Wani attajiri mai suna David Dale ne ya kafa shi a 1785. Ya gina manyan gidajen kaɗin auduga, inda ƙarfin ruwan kogi yake juya injuna.

A wancan zamani har yara ƙanana suna aiki a ciki, tun da asuba har dare. Da yawansu marayu ne.

A 1800, Robert Owen, mijin ɗiyar Dale, ya karɓi jagorancin wurin. Ya hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 10 ba. A 1816 ya buɗe makaranta. Yara suka riƙa koyon karatu, lissafi, waƙa da rawa, ba a bugun kowa.

Aikin kaɗi ya tsaya a 1968, gine-gine suka fara lalacewa. Daga baya aka gyara su. A 2001 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Yau baƙi suna zuwa ganin gidajen kaɗi, ɗakunan ma'aikata, da makarantar nan da ta fid da yara daga ƙurar auduga.