KAYAN DA AKE ƊAGA MANYAN ALLUNA DA SU A WURIN GINI

Da zarar an kai amfanin gona gida, samari da yawa sukan tafi cin rani Abuja, Kano, Kaduna ko Legas. Yawancinsu aikin lebura suke samu a wuraren gine-gine. A can sukan tarar da injin nan mai dogon wuya da ake kira ƙugiya, yana ɗaga manyan allunan kankare, da fallayen ƙarfe, da gilasai, yana kai su sama.

Idon baƙo yakan tsaya ne a kan girman injin. Amma masana aikin sun fi kula da ƙananan kayan da ke tsakanin bakin ƙugiya da allon da aka ɗauko. Komai ƙarfin inji, idan abin da ya riƙe allon ya saki, allon ƙasa zai dawo. Kuma lebura ne ke tsaye a ƙasa.

NAUYIN ALLO YAKAN RUƊI IDO

Allo abu ne mai faɗi marar kauri, saboda haka ido yakan raina shi. Ga lissafi da buhun siminti mai kilo 50.

Allon kankare mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin santimita 10, nauyinsa kilo 480 ne. Wato kusan buhu 10 ke nan. Bangon kankare da aka zuba a ƙasa, mai tsawon mita 6, faɗin mita 3, kaurin santimita 15, ya kai tan 6 da rabi, kimanin buhu 130. Ƙarfe kuwa ya ninka kankare nauyi fiye da sau uku. Gilashi mai kaurin santimita 1, kowace mita guda tsawo da faɗi kilo 25 ce.

Ban da nauyi, allo yana da halaye uku masu wuya. Na farko, ba shi da mariƙi. Na biyu, idan aka ɗauke shi a kwance ba a tallafi inda ya dace ba, sai ya lanƙwashe ko ya tsage. Na uku, iska tana kama shi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar fallen kwano a ka ranar da ake iska ya san wannan.

Don maganin waɗannan matsaloli ne aka ƙera kayan kamu iri-iri. Kowane allo da irin nasa.

KUNNUWAN DA AKE BINNEWA CIKIN KANKARE

Allon kankare tun kafin a zuba shi ake yi masa mariƙi. Injiniya yakan auna wuraren da suka dace, a dasa ƙarafa na musamman a ɗaure su da rodin ciki, sannan a zuba kankare a kai. Idan ya bushe, sai kan ƙarfen kaɗai ake gani a cikin ɗan rami. Akwai wani ƙarfe mai baki da ake maƙalawa a kan nan, a kulle shi, sannan a haɗa da sarƙa.

Dabarar zuba bango a kwance sannan a tayar da shi tsaye ta soma ne a Amurka a farkon shekarun 1900, a hannun wani mai suna Robert Aiken. Ta yaɗu sosai bayan 1945, lokacin da ƙugiyoyi masu tafiya a kan taya suka yawaita.

Ƙarfin kunnen ya dogara ne a kan ƙarfin kankaren da ya riƙe shi. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. A kwana 7 bai wuce kashi biyu cikin uku ba. Idan aka yi gaggawar ɗaga allo ɗanye, kunnen yakan fizge ya fito da guntun kankare, allon ya faɗi. Injiniya ne kaɗai ke da ikon cewa allo ya isa ɗauka.

AWARTAKIN ƘARFE

Fallen ƙarfe ba a binne masa kunne. Ana kama gefensa ne da wani matsi mai haƙora, wanda aikinsa ya yi kama da awartakin maƙeri. An ƙera shi ta yadda nauyin fallen ne ke ƙara matse shi. Iya nauyi, iya cizo. Dabarar tsohuwa ce, domin magina a daular Rum sun yi amfani da manyan awartakai wajen ɗaga duwatsu shekaru 2,000 da suka wuce.

Awartakin yana da dokoki. Falle ɗaya ake kamawa a tsaye, ba biyu ba, domin na biyun yana iya zamewa. Dole fallen ya shige har ƙarshen bakin. Dole a goge mai, giris da laka daga wurin kamu. Idan haƙoran sun cinye, an daina aiki da shi ke nan. Wani abin mamaki kuma, falle marar nauyi yana iya kuɓucewa daga babban awartaki, saboda bai ja shi da ƙarfin da zai sa ya ciza ba. Irin wanda ake ɗaukar falle a kwance da shi daban ne, kuma bibbiyu ake sa shi, ɗaya na fuskantar ɗaya.

Akwai kuma mayen ƙarfe, wato maganaɗisu. Shi ɗora shi kawai ake yi a bayan fallen. Amma ba ya kama alminiyam ko tagulla, kuma tsatsa da fenti mai kauri suna rage masa ƙarfi.

FAIFAN ROBA MAI ZUƘAR ISKA

Gilashi da dutsen ado mai santsi ba sa son haƙori. Su ana kama su ne da faya-fayan roba. Kowa ya san yadda wanzami yake yin ƙaho. Yakan kifa ƙahon a jiki, ya zuƙe iskar ciki, ya toshe ƙofar, sai ƙahon ya manne. Haka wannan na'ura take aiki. Ana kifa faifan a jikin gilashi, ɗan famfo ya zuƙe iskar da ke ciki, sai iskar waje ta danne shi.

Iskar da ke kewaye da mutane tana da nauyi, ko da yake ba a ji. Tana danna kowane ɗan wuri mai faɗin farcen yatsa da kimanin kilo guda. Shi ya sa faya-fayai huɗu ko shida suke iya riƙe gilashin da ƙarti da yawa ba za su iya ɗagawa ba.

Abokan gaban wannan na'ura su ne ƙura, ruwa da tsagewar roba. A lokacin hunturu, sai an goge gilashin da faifan kafin kowane ɗauka. Na'urar tana da agogo mai nuna ƙarfin zuƙa, da ƙararrawa mai kuka idan iska ta fara shiga. Da jin kukan, sai a sauke kaya nan take.

SANDAR RABA NAUYI

Ɗan garuwa yakan rataya garwa biyu a bakin sanda, kowace ta sauko a miƙe. Haka ake yi wa dogon allo. Ana rataya doguwar sandar ƙarfe a bakin ƙugiya, sannan sarƙoƙi su sauko daga jikinta a miƙe zuwa kunnuwan allon.

Dalilin yin haka muhimmi ne. Igiya tana ɗaukar kaya cikin sauƙi idan ta sauko a miƙe. Idan ta karkace, wahalarta takan ƙaru, ko da kayan bai ƙaru ba. A dubi igiyar shanya. Idan aka ɗaure ta tamau aka rataya jiƙaƙƙen bargo a tsakiya, sai ta nemi tumɓuke turakun.

Ga misali da allo mai kilo 1,000, wanda tsakanin kunnuwansa biyu mita 2 ne. Idan sarƙoƙi biyu suka sauko a miƙe daga sanda, kowace kilo 500 take ɗauka. Idan babu sanda, aka haɗa su a bakin ƙugiya, kowace mai tsawon mita 2, to kowace tana jin kimanin kilo 580. Idan kuwa gajeru ne, mita 1 da santimita 15, kowace tana jin kusan kilo 1,000, wato nauyin allon gaba ɗaya. Ban da haka, suna matse allon daga gefe zuwa tsakiya, har siriri ya iya karyewa.

Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce: kada tsawon kowace sarƙa ya gaza tazarar da ke tsakanin kunnuwan biyu.

Haka kuma, sarƙa huɗu ba ta nufin nauyi ya rabu huɗu. Gado mai ƙafa huɗu a ƙasa marar daidai, ƙafa biyu ne ke shan nauyi. Allon kankare ma haka ne, sai fa in an sa na'urar da ke daidaita sarƙoƙin.

A KARANTA LAMBA KAFIN A RATAYA

Kowace sarƙa, bel, awartaki ko sanda ta kirki tana da lamba a jikinta. Za a ga haruffa WLL ko SWL, sai adadi a gabansu. Idan an rubuta WLL 2t, ma'anarsa kada a wuce tan 2, wato kilo 2,000. Abin da ba shi da lamba, ba a ɗaukar kaya da shi.

Bel na zare kuma launinsa yana faɗin ƙarfinsa, bisa tsarin ƙasashen Turai da kamfanoni da yawa ke bi. Shunayya tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3, ruwan toka tan 4, ja tan 5. Amma rana da datti suna kashe launi, don haka takardar da aka ɗinke a jikinsa ita ce shaida. Kaifin gefen allo yana yanka bel kamar wuƙa, saboda haka sai an sa masa kariya a kusurwa. Ba a ƙulla bel, ba a ɗaure sarƙar da ta tsinke da waya ko ƙusa.

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta ce a riƙa sa masani ya duba sarƙoƙi, igiyoyi da sauran kayan ɗaga kaya aƙalla sau ɗaya a wata shida. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni a bakin aiki, ta hannun hukumar NSITF.

ISKA

Allo yana barin ƙasa, iska take samun abin wasa. Don haka ake ɗaura masa doguwar igiya a gefe, mutum ya riƙe daga nesa kamar akalar raƙumi. Ba a naɗa wannan igiya a hannu ko a kugu. Idan hadari ya taso, aiki ya tsaya. Guguwa ba allo kaɗai take kayarwa ba, har injin kansa. A watan Satumba na 2015, iska mai ƙarfi ta kayar da wata babbar ƙugiya a Masallacin Harami na Makka, mutum fiye da 100 suka rasu.

HAR A ƘAUYE

Wannan ilmi ba na birni kaɗai ba ne. A ƙauye ma ana zuba murfin rijiya, murfin masai da allunan kwalbati. Murfin rijiya mai faɗin mita 1 da rabi, kaurin santimita 8, ya kai kilo 340, kusan buhun siminti 7.

Magini ya shimfiɗa leda a ƙasa kafin ya zuba, don kada murfin ya manne da ƙasa. Ya yi masa kunnuwa huɗu da rodi mai santsi, domin mai gurza-gurza ya fi saurin karyewa a inda aka lanƙwasa shi. Ƙafafun kunnen su shiga ƙarƙashin rodin ciki a ɗaure su. A riƙa yi wa murfin ban ruwa aƙalla kwana 7, kuma a yi haƙuri ya ƙara kwanaki kafin a motsa shi. Ranar ɗauka, a zura ƙarafan famfo biyu masu kauri cikin kunnuwan, mutane su kama daga gefe, mutum ɗaya ya riƙa ba da umarni. Kada a jingine allo a bango inda yara ke wasa. A kwantar da shi a kan itatuwa.

ABUBUWA BAKWAI DA LEBURA ZAI RIƘE

1. Kada a tsaya ko a gitta ƙarƙashin kayan da ke sama, ko na ƙiftawar ido.

2. A san nauyin allo, a karanta lambar abin kamu. Wanda bai gane ba ya tambaya.

3. A ɗaga allo kamar taƙi ɗaya tukuna, a tsaya a duba. Idan ya karkata, a sauke a gyara.

4. Mutum ɗaya kaɗai ke yi wa direban ƙugiya ishara. Amma kowa ya ga haɗari yana da ikon cewa a tsaya.

5. Kada a sa hannu ko ƙafa tsakanin allo da inda zai sauka, kada kuma a tsaya tsakaninsa da bango.

6. Kada a kwance sarƙa daga bangon da aka tayar sai an kafa masa tokara.

7. A sa hular kwano, takalmin aiki da safar hannu.

Wasu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma Hausawa sun kuma ce rigakafi ya fi magani. Leburan da aka umarta ya shiga ƙarƙashin kaya, ko ya rataya allo da tsinkakken bel, ya faɗa wa shugaban aiki cikin ladabi cewa ba zai yi ba. Kuɗin yini ɗaya ba zai sayi ƙafa ba, balle rai. Iyali na gida suna jira, gona kuma tana jiran damina. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.