Ogimachi: Ƙauyen da Ya Hana Kansa Sayar da Gida

A shekarar 1971 mutanen Ogimachi, wani ƙauye a gundumar Shirakawa da ke lardin Gifu a tsakiyar ƙasar Japan, suka kafa ƙungiya, suka ɗora wa kansu sharuɗɗa uku game da gidajensu da gonakinsu da dajin da ya kewaye su: ba sayarwa, ba bayarwa haya, ba rushewa. Babu hukumar da ta tilasta musu. Tsarin da gwamnatin Japan ke ware ƙauye ko unguwa sukutum a matsayin rukunin gine-ginen gargajiya ma bai shiga doka ba sai a 1975. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san nauyin a ce wa magidanci gidan ubansa nasa ne, amma ba shi da ikon karɓar kuɗi a kansa. Su kuwa sun yarda da haka ne a daidai lokacin da masu saye ke zuwa har ƙofar gida suna tayawa.

Abin da ake tayawar shi ne gidajen da ake kira gassho. Manyan gidaje ne na katako masu jinkar ciyawa, jinkar kuma ta miƙe tsaye ƙwarai, karkatarta ta kai kusan digiri 60. Dusar ƙanƙara ce ta sa aka yi ta haka. A wannan kwari na kogin Sho, in hunturu ya kankama, dusar kan taru ta kai mita biyu ko fiye, mai laima ce kuma mai nauyi, rufin da ya kwanta ba zai ɗauke ta ba. A tsaikon jinkar ba a buga ƙusa. Ɗauri ake yi da igiyar ciyawa da ɗanyen reshen wata bishiya da ake murɗawa, wanda yana bushewa yana ƙara ɗamewa. Da yake ɗauri ne, rufin yakan ɗan ba da kai in iska ta bugo ko nauyi ya hau, sannan ya koma mazauninsa. Gidajen kusan duk gefe guda suka fuskanta: ƙarshensu na kallon kudu da arewa, ta inda iska ke bin kwarin, ɓangarorin jinkar biyu kuma na kallon gabas da yamma don rana ta busar da kowanne.

Girman gidajen ba na alfahari ba ne. Ƙasar noma a kwarin kaɗan ce, dutse da daji sun cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na gundumar, don haka gida shi ne masana'anta. A cikin jinkar akwai bene biyu ko uku inda ake kiwon tsutsar da ke saƙa alharini. A ƙarƙashin daɓen katako kuwa ana haƙa rami a cakuɗa ƙasa da ciyawa da kashin tsutsar, a bar su shekaru suna ruɓewa, a tace a sami gishirin da ake haɗa albarushi da shi. A tsakiyar ɗaki akwai murhu da ba ya mutuwa. Hayaƙinsa na ratsa benayen yana ɗumama tsutsa, kunkunniyarsa na kama katako da igiya da ciyawa tana hana ƙwari da ruɓa. Wani masanin gini Bajamushe, Bruno Taut, ya ziyarci yankin a 1935 ya yaba wa hikimar ginin, abin da ya sa aka fara jin labarinsa a waje.

Yabo dai bai hana rushewa ba. Gishirin albarushi ya mutu tun ƙarshen ƙarni na 19 da aka fara shigo da mai arha daga ƙasar Chile. Alharini ya bi baya da zaren roba ya cika kasuwa bayan yaƙin duniya na biyu. Sai madatsun ruwa na lantarki suka jeru a kan kogin Sho. Ta Miboro kaɗai, da aka kammala a 1961, ta tayar da mutane sama da 1,000. Samari suka bi aikin albashi zuwa birane. Wanda ya sami kuɗin diyya ya rushe jinka ya yi rufin kwano, kuma wa zai zarge shi? Gidan jinka duhu gare shi da sanyi da hayaƙi. Wasu gidajen an kwance su katako-katako an kai birane an mai da su gidajen abinci. A 1967 mutanen ƙauyen Kazura suka tashi gaba ɗaya suka bar shi kufai. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai irin waɗannan gidaje wajen 1,800 a yankin Shirakawa da maƙwabciyarsa Gokayama. Zuwa 1994 waɗanda suka rage ba su kai 150 ba.

Mutanen Ogimachi sun ga wannan da idonsu, domin maƙwabtansu ne da surukansu. Sun kuma ga abin da mutanen Tsumago, wani tsohon zango a lardin Nagano, suke yi na kare garinsu da irin waɗannan sharuɗɗa. Abin da ya fi burge ni a nasu tsarin shi ne yadda suka hana alkawarin zama magana a takarda. Kowane mazaunin ƙauyen ɗan ƙungiya ne, wakilai kuma na zama wata-wata. Mai son ƙara ɗaki, ko canza taga, ko kafa allon shago, ko zuba siminti a ƙofar gida, sai ya kawo takardarsa gaban wannan zama kafin ta wuce ga hukuma. Masu duba ta maƙwabtansa ne, waɗanda gobe su ma za su kawo tasu. A 1976 gwamnati ta sa Ogimachi cikin rukunin farko na wuraren da sabuwar dokar ta kare, daga nan baitulmali ya fara ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin gyara. A 1995 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da ƙauyukan Ainokura da Suganuma na Gokayama. Gidajen gassho 59 aka lissafa a Ogimachi a lokacin.

Amma kuɗi ba ya hawa jinka. Duk bayan shekara 30 ko makamancin haka sai an kwance tsohuwar ciyawa an baibaye sabuwa, kuma dole a yi da sauri, don ba a barin gida a buɗe ruwa ya same shi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Ogimachi babban gida kan buƙaci hannun mutum 100 zuwa 200 a rana guda. Gayyar da suke yi sunanta yui. Mai gida yakan shafe shekaru yana tanadin ciyawa, sannan ya bi gida-gida yana roƙon hannu. Ranar aiki, ƙwararru na kan jinka suna jera dammuna suna dannewa da sanda, wasu na ciki suna karɓar wata doguwar allurar katako da ake sokowa da igiya su ɗaura a tsaiko, matasa da yara sun yi layi suna miƙa ciyawa, mata na girki. Kafin rana ta faɗi an gama gefe guda, wani lokaci ma duka biyun.

Wannan gayya ba kyauta ba ce, bashi ce. Kowane gida na da littafin da ake rubuta wanda ya zo, da aikin da ya yi, da yawan ciyawa ko igiyar da ya kawo. Ranar da nasa ya tashi sai a buɗe littafi a rama masa daidai. Tun da jinka na ɗaukar shekara talatin, sau da yawa wanda ya ci bashin ya riga ya rasu, ɗansa ko jikansa ne zai hau rufin ya biya. A nan ne ake gane hikimar sharaɗin hana sayarwa. Baƙon da ya sayi gida ya sayi katako da ciyawa, amma sunansa ba ya cikin littafin kowa, ba ya bin kowa, ba a bin sa. Gidaje goma irin nasa sun isa su kashe gayyar.

Haka batun gobara yake. Ƙauyen da aka yi da busasshiyar ciyawa da tsohon katako, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Unguwanni na karɓa-karɓar zagaye kullum suna tunatar da mutane su kula da wuta. An hana wasan tartsatsin wuta, an hana shan taba sai a wuraren da aka ware. An kafa bututan feshin ruwa kusan 60 a tsakanin gidaje, kowanne cikin ɗan akwati mai siffar jinka, kuma mazauna ne ke buɗe su, ba sai an jira 'yan kwana-kwana ba. Duk kaka ana gwada su gaba ɗaya lokaci guda. A watan Nuwamba na 2019 wuta ta cinye wasu rumfunan jinka a bakin wurin ajiye motoci, a tsallaken kogi, mutane suka buɗe bututan suka jiƙe gidajensu, ba ta kai gare su ba.

Gida dai ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana samun mai ba da kuɗin gyaransa. Ƙasar da ke kewaye da shi ita ce ta fi wuyar riƙewa, kuma a ganina nan ne Ogimachi ya fi jin jiki. Kafin 1995 masu ziyara ba su kai miliyan ɗaya a shekara ba. A 2008 aka kammala babbar hanyar Tokai-Hokuriku, wadda ta ratsa dutse ta wani rami mai tsawon fiye da kilomita 10, ƙauyen da a da dusar ƙanƙara ke rufewa ya koma tafiyar ƙasa da awa guda daga birnin Takayama. Zuwa 2019 masu ziyara sun haura miliyan 1.7, a ƙauyen da mazaunansa ba su fi 500 da 'yan kai ba. Manomi ya duba ya ga fadamar shinkafarsa, in ya cike ta da tsakuwa ya karɓi kuɗin ajiye mota, za ta ba shi abin da noma bai taɓa ba shi ba. Bai sayar ba, bai ba da haya ba, bai rushe gida ba, ga shi kuma ƙauyen na lalacewa. Wasu gonakin kuwa saura suka zama kawai, don mai su ya tsufa ko shago ya ɗauke masa hankali.

Gyaran ya ɗauki shekaru da gardama mai yawa. An kafa gidauniya a 1997, aka yi babban wurin ajiye motoci a tsallaken kogi, baƙo ya sauka can ya tako ta gadar igiya. Wani kaso na kuɗin da ake karɓa a wurin na shiga aikin kare ƙauyen, ciki har da sake noma gonakin da aka bari. Tun 2014 aka hana motocin 'yan yawon buɗe ido shiga tsakiyar ƙauyen da rana. Daren da ake haska gidaje da fitilu a cikin hunturu, wanda cunkosonsa ya taɓa gagarar kowa, tun 2019 sai wanda ya yi rajista tun da wuri yake shiga.

Ciyawar kanta wata matsala ce. A da kowane gida na da filin ciyawarsa a gefen dutse, ana yanka duk kaka, yankan ne ma ke hana daji cinye filin. Da aka daina, bishiyoyi suka rufe wuraren. Yau mafi yawan ciyawar da ke kan jinkunan Ogimachi daga Gotemba ake sayo ta, can gindin dutsen Fuji, a loda a mota. Ana ƙoƙarin farfaɗo da filayen gida, ana gayyatar 'yan makaranta da masu sa kai daga birane su zo yanka, amma da sauran tafiya. Murhu ma ya ragu tun da aka sami na'urar ɗumama ɗaki, jinkar da ba ta shan hayaƙi kuwa ba ta daɗewa kamar ta da.

Gayyar ma ta ja baya. Yawancin baibaya yanzu 'yan kwangila ke yi, sannu a hankali, da kuɗin tallafi. Mai shago ba zai rufe shagonsa a ranar ciniki ya hau rufin wani ba, mai gida kuma na jin nauyin ɗora wa 'ya'yansa da ke Nagoya ko Tokiyo bashin da ba za su iya biya ba. Ana dai ƙoƙarin kada a daɗe ba a yi ko da guda ɗaya ta hanyar gayya ba, don yara su gani su koya.

Gundumar Shirakawa gaba ɗaya yanzu mutum 1,500 ne ko kusa da haka, da yawansu tsofaffi. Gidan da mai shi ya rasu, magadansa na birni, ba a sayarwa, ba a ba da haya, ba a rushewa, to sai ya zauna a rufe, gidan jinka a rufe kuwa ruɓewa yake yi. Shi ya sa maganar sassauta sharuɗɗan ta taso a tsakanin mutanen ƙauyen kansu. Ni dai a nawa ganin, ba da gida ga baƙon da zai zauna a ciki hunturu da bazara, ya karɓi kwanansa na zagayen gobara, ya hau jinkar maƙwabci a rubuta sunansa a littafi, bai saɓa wa niyyar mutanen 1971 ba. Wanda ya kamata ƙofa ta ci gaba da zama a rufe gare shi shi ne mai kuɗin da zai saya daga nesa ya sa ma'aikaci ya riƙe masa makulli.