Masu Karatun Labarin Zane: Me Suke Musu a Kai?

Tamanhint ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Sabha, a yankin Fazzan na kudancin Libiya, an kuma fi saninsa da filin jiragen saman soja. Hanyar da fatake suka riƙa bi daga Kano da Agadas zuwa Fazzan ba ta mutu ba, Hilux ce kawai ta karɓi aikin raƙumi, har yau akwai Hausawan Nijar da na Nijeriya masu aikin gona da gini a wannan yanki. Yaron da ya tashi a irin wannan gida Hausa yake ji a bakin mahaifiyarsa, amma labarin zanen da zai fara cin karo da shi na Larabci ne. Shekara da shekaru yaran ƙasashen Larabawa na karanta mujallar Samir ta Masar, wadda ta fara fitowa a 1956, da Majid ta Abu Dhabi, tun 1979. Kyaftin Majid ɗin da suke kallo a talabijin kuwa asalinsa Tsubasa ne, ɗan ƙwallon da Yoichi Takahashi na Japan ya fara zanawa a 1981.

Ɗan'uwansa na Maraɗi ko Damagaram da Faransanci ya shiga harkar, ta kan Tintin da Asterix. Na Kano kuwa, in ya tambayi dattawan gidansu, wataƙila su tuna masa da Lance Spearman, jarumin mujallar African Film da kamfanin Drum ya riƙa bugawa a ƙarshen shekarun 1960, wanda ma hotuna aka ɗauka aka jera, ba zane ba ne. Bayansa aka yi Ikebe Super ta Wale Adenuga a 1976, sannan Supa Strikas ta 'yan ƙwallo.

Yau wayar hannu ta tara su duka a kan manga, labarin zanen Japan. Daga dama zuwa hagu ake karanta shi, don haka wanda ya yi makarantar allo ba ya shan wahalar da Bature ke sha a shafin farko. One Piece na Eiichiro Oda ya fara a 1997, ya haura babi 1,000, an buga sama da kwafi miliyan 500, kuma bai ƙare ba. Naruto na Masashi Kishimoto ya ƙare tun 2014, amma musunsa na nan daram.

A kan musun nan ya kamata a dakata. Wanda ya ji samari suna ta ɗaga murya zai zaci shirme ne, wane ya fi wane ƙarfi. Akwai wannan, ba a musu. Amma a saurari gardamar da ake yi kan Itachi na cikin Naruto, wanda ya hallaka danginsa bisa umarnin shugabannin garinsu don kada yaƙin basasa ya ɓarke, ya bar ƙaninsa kaɗai. Wani ya ce gwarzo ne da ya ɗauki baƙin jini don jama'a su zauna lafiya. Wani ya ce babu hujjar da za ta wanke mai zubar da jinin iyayensa. Na uku ya ce a bar yaro, a tuhumi manyan da suka aike shi. Zancen biyayya ne da zumunci da alhakin shugaba, kuma ɗan shekara 15 ne ke kawo hujja, yana buɗe shafi yana nunawa.

Dalilin yawan saɓanin yana cikin yadda aka gina labarin. Mai zane ba ya nuna komai. A akwati na farko ga mutum ya ɗaga takobi, a na biyu ga tsuntsaye sun tashi daga bishiya. Saran kansa ba a zana shi ba, mai karatu ne ya yi shi a ransa, a ɗan farin filin da ke tsakanin akwatunan biyu. Ba'amurke Scott McCloud ya yi dogon bayani kan haka a littafinsa na 1993. Tunda kowa da yadda ya cike giɓin, dole a zauna a gwada fahimta. Shi ya sa babban laifi a wajensu shi ne ka faɗa wa wanda bai kai wurin ba ƙarshen labari.

Iyaye na da damuwa, kuma ba a banza ba. A Japan an rarraba manga bisa shekaru, akwai na yara, na samari, na 'yan mata, da na manya zalla mai jini da tsiraici, sai dai shafukan da ake saukewa kyauta ba ruwansu da wannan rabo. A Nuwamban 2017 rundunar Rada ta rufe taron masoya labarin zane a Tarabulus, ta kama wasu daga cikin masu shirya shi, bisa zargin gurɓata tarbiyyar matasa. A ganina rufe zaure ba ya rufe waya. Uban da ya ce wa ɗansa "zo ba ni labarin abin da kake karantawa" zai san abin da ke ciki cikin minti goma, don mai karatun zane ba ya iya yin shiru.

Abin da ke ci mini rai shi ne hirar da Hausa ake yi, littattafan kuwa na wasu harsuna ne. Littattafan soyayya na Kano sun bunƙasa ne ta hanyar haya da aro da hirar masu karatu, har marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka yi suna. Labarin zane ya fi tsada, shafi ɗaya na iya cinye wa mai zane yini guda, ga kuɗin buga launi. Malika, sarauniyar yaƙin da Roye Okupe ya fitar a 2017, daga tarihin Amina ta Zazzau aka tsamo ta, masarautarta ma Azzaz aka kira ta. Da Turanci aka rubuta ta, kuma kamfanin Dark Horse na Amurka ne ya karɓi bugunta daga baya.