Komai biyu-biyu: yadda ake jan waya a cibiyar bayanai

Yau tambaya ce ta zo mana daga wani ƙaninmu a Kwaciri, nan ƙaramar hukumar Fagge. Ya ce ya iya matse kan kebul, ya haɗa kwamfutoci a cibiyar jarrabawar JAMB, to me ya rage masa kafin ya nemi aiki a cibiyar bayanai? To ƙanina, gyara zama.

Abin ma ba nesa yake ba. A watan Janairun 2023 shugaba Buhari ya buɗe cibiyar bayanai ta Galaxy Backbone a nan Kano, wadda aka gina a matakin Tier IV. Ma'anar matakin nan ita ce ko wani abu ɗaya ya lalace, waya ce ko wuta ko na'ura, aiki ba zai tsaya ba. Daga nan duk tsarin jan wayar ya samo asali, wato komai sai an yi shi biyu-biyu.

Sabobin ana jera su ne a cikin dogon akwatin ƙarfe da ake cewa rak, mai faɗin inci 19, galibi mai gurbi 42. A samansa akwai siwici biyu. Kowace saba za ka fito mata da waya biyu, ɗaya ta tafi siwici na farko, ɗaya na biyu. Sai ka ga wani ya ja wayoyin biyu tsaf, amma duk ya cusa su a siwici ɗaya. Malam, wannan ai kamar ka yanka makulli biyu ne ka saƙala su a zobe ɗaya. Ran da zoben ya faɗi, a waje za ka kwana. Wuta ma haka, kowace saba tana sha daga layi biyu daban. Akwai kuma wata 'yar waya ta uku ta kula da saba daga nesa, kamfanin Dell na kiran tasa iDRAC, HP kuma iLO.

Wace irin waya? Ta tagulla, Cat6A, tana ɗaukar gigabit 10 har mita 100. Cat6 zalla a wannan gudun ba ta wuce kamar mita 55. Kuma in ka shiga Sabon Gari sayen kebul, ka ɗan kankare silin da reza tukuna. In fari ya fito a ciki, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ajiye musu kayansu. Tsakanin rak da rak kuwa yawanci faiba ake ja. Ruwan ɗorawar ita ce ta dogon zango, ta kilomitoci. Mai shuɗi-shuɗin nan, OM3, tana kai mita 300 a gigabit 10.

Yanzu mu zo inda na fi so ka buɗe kunne, wato ma'ajiyar bayanai. A shagon kafe kowace kwamfuta da faifanta a cikinta, in ta mutu ta tafi da kayanta. A cibiyar bayanai ba haka ake yi ba. Ana tara faya-fayan ne a na'ura guda, sabobi da yawa su riƙa karatu da rubutu a kanta. Amfanin? In saba ɗaya ta mutu, 'yar uwarta ta ɗauki aikin, tun da bayanan dama ba a cikin wadda ta mutu suke ba. Amma ka lura, yanzu rayuwar kowa ta rataya a kan wayar da ke zuwa ma'ajiyar nan.

Shi ya sa ake yi mata hanyarta daban, da siwicinta daban, a tsarin da ake kira Fibre Channel. Rukuni biyu ake yi, A da B. Ita ma'ajiyar tana da ƙwaƙwalwa biyu, kowacce an haɗa ta da A an kuma haɗa ta da B. Sabar ma kafa ɗaya a A, ɗaya a B. Lissafa ka gani: hanya huɗu ke nan daga saba zuwa bayananta. Sannan ba a taɓa sa waya tsakanin A da B. Na san hannu zai yi maka ƙaiƙayi, ka ga kafa a buɗe ka ce bari in haɗa su don ƙarin ƙarfi. Kul! Da zarar ka haɗa sun zama abu ɗaya, kuskuren saiti a wancan zai kwararo wannan. Ƙananan wurare da kuɗinsu bai kai ba suna amfani da iSCSI a kan kebul na yau da kullum, kuma a ganina ba laifi, muddin an ware masa hanyarsa.

Mu 'yan Kano muna da ƙarin abokin gaba, ƙurar hunturu. Cibiyar faiba ruwan ɗorawa maikuron 9 ce kacal, gashin kanka ya ninka ta kauri sau da yawa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare hasken. Don haka kar ka cire murfin kan sai za ka saka, kuma ka goge kafin ka saka. Kar ka lanƙwasa ta da ƙarfi, kar ka shaƙe ta da ɗaurin roba. Kuma don Allah kar ka leƙa cikinta da ido, hasken ba ya ganuwa amma yana illa. In ka saka fitila ba ta kama ba, duba ko ka juya silin aikawa da na karɓa.

Kowace waya ka rubuta mata suna a kai biyun. Sannan kafin ka ce ka gama, ka sanar da masu wurin, ka zare waya ɗaya da gangan kana kallon allo. In aiki ya ci gaba, mayar da ita ka zare ta gaba, har ka zagaye su duka.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.