Sharuɗɗan Jituwa Tsakanin Kanel da Shirin Kula da Hidimomi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa shirin da ke tayar da kwamfuta ba a zaɓensa bisa ganin dama, sai an duba jituwarsa da zuciyar manhaja, wato kanel.

2.0 Sharuɗɗan

A tsarin Linux, da zarar an kunna na'ura, kanel takan ƙaddamar da shiri mai lamba 1, wanda shi ne uban sauran shirye-shirye. Wajibi ne ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, kada ya mutu, domin in ya mutu kanel za ta tsaya cik. Na biyu, ya riƙi shirye-shiryen da iyayensu suka mutu, ya kuma share bayansu in sun ƙare. Na uku, ya tayar da hidimomi bi da bi, misali a haɗa faifan ajiya kafin a buɗe rumbun bayanai.

3.0 Misali

Tsohon tsarin System V ya dogara ga rubutattun umarni, don haka yakan zauna bisa kanel iri-iri. Amma systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar a 2010, yana bin sawun kowace hidima ta hanyar cgroups, dabarar da Linux kaɗai ke da ita. Saboda haka, da Debian ta zaɓe shi a 2014, reshenta mai kanel ɗin FreeBSD bai iya bin ta ba. Wasu kuma suka ɓalle, suka fitar da Devuan a 2017.

4.0 Kammalawa

Ke nan, kafin mu sauya shirin farko a ɗakunan kwamfuta na kwalejojinmu, ya kamata mu tantance abin da yake bukata daga kanel.