Kwamfutar Ƙungiya Ta Ƙi Aiki? Ga Abin Da Za A Fara Dubawa

'Yan'uwa manoma, a yanzu ƙungiyoyin gama kai da yawa sun koma rubuta lissafinsu a kwamfuta. Wasu sun sayi irin wadda ake cire mata allon maɓallai, wato kibod, ta zama kamar faranti a riƙa taɓa gilashinta da yatsa. Wasu kuma irin wadda ake naɗe bayanta. Kamfanin Microsoft ya fito da Surface a shekarar 2012, Lenovo kuma ya fito da Yoga a wannan shekara. Tana da sauƙin ɗauka zuwa gona ko wurin taro. Amma a cikinta ne sunayen masu bashin taki da kuɗin gudummawa suke. Idan ta tsaya ranar rabon iri, magatakarda zai sha tambaya. Yawancin matsalolinta ba sai an kai ta birni ba. Ga su ɗaya bayan ɗaya.

1. Ta ƙi kunnuwa ko ta daskare

Kada ku yi saurin cewa ta mutu. Sau da yawa batir ne ya ƙare ƙaf. A sa ta a caji, a bar ta kamar minti 30 kafin a gwada. In har yanzu shiru, a danna maɓallin kunnawa a riƙe shi kamar daƙiƙa 20, sai alamar kamfanin ta bayyana. Wannan yakan tilasta mata ta sake tashi, kuma ba ya goge abin da aka riga aka ajiye. Idan ana jin alamar tana aiki amma gilashin baƙi ne, a danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare.

2. Ba ta ɗaukar caji

A fara da waya da soket. A gwada wani soket, a duba ko ɓera ya ci wayar. Sa'an nan a duba irin cajar. Yawancin waɗannan kwamfutoci suna bukatar caja mai ƙarfin wat 45 zuwa 65, ƙaramar cajar wayar hannu kuwa takan ba da wat 5 zuwa 10 kawai. Ko da bakinta ya shiga ramin, ba za ta ciyar da ita ba. A karanta lambar da ke jikin cajar asali, a sayi mai irin ƙarfinta. In da janareto ake caji, a bari ya tashi ya daidaita kafin a jona, a kuma cire kafin a kashe shi.

3. Kibod ya daina aiki

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a wurinmu, musamman da hunturu. A inda kibod ke haɗuwa da kwamfutar akwai 'yan ƙananan ƙarafa masu launin zinariya, maganaɗisu kuma yana riƙe su tare. Ƙura takan zauna a kansu ta hana wuta wucewa. A kashe kwamfutar, a cire kibod, a goge ƙarafan da auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit, a bari su bushe, a mayar har a ji ya kama. Kada a kankare su da allura ko wuƙa. Kibod ɗin da ke haɗuwa ta Bluetooth kuwa yana da nasa batir, shi ma sai an yi masa caji.

4. Gilashi ba ya jin taɓi, ko yana taɓa kansa

Zufa, man gyaɗa da ƙurar taki sukan rikita shi. A goge shi da tsumma mai laushi wanda aka ɗan jiƙa, kada a zuba ruwa a kai. Ku lura kuma: idan gilashin yana hauka lokacin caji kaɗai, ya natsu da an cire waya, to laifin cajar ne ko wutar, ba na gilashin ba. Idan alƙalaminta ya daina rubutu, a canja ɗan siririn batir ɗin da ke cikinsa, ko a yi masa caji in irin mai caji ne.

5. Hoton ya ƙi juyawa

Wannan ba lalacewa ba ne. Muddin kibod yana maƙale, kwamfutar takan ɗauka a kan tebur take, sai ta kulle juyawa. A cire kibod ko a naɗe shi baya gaba ɗaya. A Windows 11, wadda ta fito a 2021, sauyawar takan faru da kanta.

6. Zafi da nawa

Microsoft ya ce a yi aiki da Surface a inda zafi bai wuce digiri 35 ba. Da bazara kuwa, a Sakkwato ko Maiduguri, zafi yakan haura 40. Idan ta yi zafi takan rage gudu don ta kare kanta, wani lokaci ta kashe kanta. A yi lissafi da safe ko da yamma, a inuwa, a kan tebur, ba a kan katifa ba. Kada a bar ta cikin mota a rufe. Wani abin da ke sa ta nawa shi ne cikar ma'ajiyarta. Ƙananan suna da gigabait 64 ko 128 kawai, hotuna da bidiyon biki kuma ba su da wuyar cinye shi.

Wanda ba a yi masa dabara

Idan kun ga gilashin ya fara ɗagowa daga jikin kwamfutar, ko bayanta ya yi tudu, batir ne ya kumbura. A daina caji nan take, a kashe ta, a ajiye ta nesa da buhunan hatsi da man fetur. Kada a danna, kada a huda, domin yana iya kama wuta. A yawancin irin waɗannan, batir yana liƙe a bayan gilashi, kuma gilashin yakan fashe a hannun wanda bai saba buɗe shi ba. A nemi gwani na gaske.

Kalma ta ƙarshe ga shugabanni

Tun ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Ƙungiyar da za ta sayi ta hannu sai ta tabbata tana ɗaukar Windows 11, ta kuma gwada kibod da caja kafin ta biya.

Rigakafi ya fi magani. A ɗinka mata jaka mai rufi saboda ƙura. Kowane mako magatakarda ya kwafe lissafin a filashi, ma'aji ya ajiye shi a gidansa. Littafin takarda ma kada a yar da shi. Kwamfuta in ta lalace ana iya sayen wata, amma lissafin bashi in ya ɓace, yardar da ke tsakanin 'yan ƙungiya ce za ta taɓu.